Makokin Mai Garaya

Maijidda tana tuƙa tuwon shinkafa ta ji salatin mijinta daga bakin ƙofa, irin salatin da ba a yi sai an yi rashi. Muciyar ta suɓuce mata. Ta fito daga kicin da gudu, abu guda ne a ranta: Inna.

Alhaji Ilu ya zube a kujera ko takalmi bai cire ba, hula a hannu, hawaye na bin gemunsa. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ganin hawayensa ba.

"Alhaji, Inna ce? Don Allah faɗa mini, Inna ce?"

Ya ɗago ya dube ta, sannan ya yi saurin kau da kai.

"Wace Inna kuma? Tankari ne. Tankari Mai Garaya ya rasu. Mota ce ta kife da su a hanyar Funtuwa."

Ta yi salati ita ma, amma ta ji kunyar sanyin da ya sauka a ƙirjinta. Rai ne aka rasa, sai dai ba nata ba ne.

Babu ɗan kasuwar arewa a Guangzhou ta ƙasar Sin da ba shi da kaset ɗin Tankari a cikin jakarsa. Na Alhaji Ilu kuwa har ya fara cin zare a wuri guda, wurin da mawaƙin ya ce, "Ilu na Sin, mai jakar da ba ta ƙarewa." Sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, a wani biki a Kano, Alhaji ya cire babbar rigarsa ya yafa masa. Abin da ke tsakaninsu ke nan. Amma duk baƙon da ya shigo gidan sai an mayar masa da kaset baya ya ji wurin.

Baƙi kuwa ba sa yankewa. Alhaji dillalin jakunkunan mata ne. 'Yan kasuwa su taso daga Kano, ya kai su masana'antun Shiling su zaɓi kaya, ya loda musu a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Dillalai suna da yawa a ginin Tianxiu, amma shi kaɗai ne yake da tuwo da miyar kuka a gidansa, a garin da Bahaushe kan yi mako yana cin burodi da shayi don tsoron naman da bai san yankansa ba. Tuwon Maijidda ne yake kawo masa mutane, kuma ya sani.

Ita ba ta jin yaren garin, ban da nihaw da meyo, gaisuwa da "babu". Fasfonta yana cikin jakar hannunsa. Wayar gidan ba ta fita waje. In za ta ji muryar gida sai ya kai ta ofishinsa, a buga gidan maƙwabcinsu a Gwammaja, a aika a kira Inna. Ranar da suka yi magana ta ƙarshe, tun kafin zafin nan ya shigo, Inna tana tari tsakanin kalma da kalma, ta ce ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga. Daga ranar Alhaji bai sake kai ta ba.

In ta tambaya sai ya ce layin Najeriya ba ya shiga. Wata rana ya ce ya yi magana da yayanta, jiki da sauƙi. Da ta matsa ya ce an kai Inna ƙauye wajen mai magani, can kuwa ina waya? Ta roƙe shi ta je ta dubo ta ta dawo, ya ce, "A tsakiyar kakar kaya? Wa zai ciyar da mutanen nan? Bari kwantenar nan ta tashi." Kwantena ta tashi, wata ta zo.

Kafin la'asar falon ya cika. Aka ture kujeru gefe aka shimfiɗa tabarmi, Alhaji ya zauna a tsakiya da carbi, mutane na shigowa suna durƙusawa suna ce masa ya haƙuri, kamar ubansa ne ya faɗi. Ta cikin labulen kicin Maijidda take jin su.

"Wallahi tun da na ji ko ruwa ya ƙi wuce mini," in ji Umar Faruƙ, wani matashi mai sarin takalma. Da aka fito da tuwo malmala biyu ya tashi da ita, ya nemi ƙarin miya.

Malam Sharfaddeen, wanda kullum yake cewa a kashe kaset ɗin nan garaya kiran iska ce, shi ne yau yake ba da labarin masallacin da marigayin ya gina a ɓoye. Wani mutumin Maraɗi ya ce ai asalin Tankari nasu ne, kakansa daga wajensu ya gangaro. Kanawa suka yi masa ca.

"Ku komai naku ne! Gobe ma ka ce Dala daga Maraɗi aka ɗauko ta."

Aka yi dariya, sai aka tuna makoki ake, aka koma salati. Wani ya danna kaset. Da muryar ta tashi, manyan mutane masu furfura suka rufe fuska da hannun riga suna shessheƙa.

Washegari har lawban ɗin masana'antar Shiling ya zo, wato mai gidan da Alhaji yake sarin jaka a wurinsa, ɗauke da kwandon lemo, yana ta sunkuyar da kai. Ya tambaya ko mahaifin Alhaji ne ya rasu. Alhaji ya dafa ƙirji ya ce a gaya masa kusan haka ne.

Maijidda tana tsaye kan wuta tun asuba. Kicin ɗin ko juyawa mutum ba ya yi sosai, ga zafin Guangzhou mai danshi da ke manne wa mutum riga a baya. Mai ya fallatsar mata a hannu ya tashi bororo, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Barci dama ya daɗe da ƙaurace mata. Da ta rufe ido sai ta ga ƙafafun Inna.

Da ta kawo shayi ta ji Alhaji yana ba da labari.

"Yau sai da na bugo Kano har sau nawa. An ce jama'ar da ta yi masa salla ba a taɓa gani ba, har kan katanga mutane. Na yi magana da babban yaronsa da bakina."

Ta jira har ya shigo ɗaki sauya riga, ta bi shi.

"Alhaji, ashe layin ya gyaru."

"Wane layi?"

"Na ji ka ce ka bugo Kano. Ka kai ni in ji muryar Inna, ko gaisuwa ce kawai. In ma tana ƙauyen, ƙanwata Madina ta gaya mini yadda take."

Ya tsaya da riga a wuya.

"Maijidda, yanzu lokacin wannan maganar ne? Ana cikin makoki? Ke ba ki da tausayi ne? Mutum ya mutu, ƙasa gaba ɗaya tana kuka, ke kina zancen hira a waya. Bari a yi sadakar uku."

"In an yi za ka kai ni?"

"Na ce bari a yi."

Da yammacin ranar wani ya yi sallama a bakin labulen kicin. Alidu ne, mutumin Kumasi mai harkar lodin jirgin ruwa, dattijo mai sanyin magana. Kanawa kullum suna tsokanarsa don Hausarsa ba ta raba mace da namiji, matarsa ma "shi" yake ce mata. Ya ga idonta jawur, ya cire hula ya rage tsawo.

"Hajiya, sannu da haƙuri. Ashe an gaya maka. Allah ji ƙan shi. Na ji shi sha wahala da ciwo, yanzu shi huta. Allah ba ka haƙuri, ka yi ta mishi addu'a."

"Amin, Baba Alidu. Na gode."

Ya daɗe a tsaye kamar zai ƙara wani abu, sannan ya juya. Ta ɗan yi mamaki. Mutumin da mota ta kashe, wane ciwo kuma ya sha? Ta ce a ranta Hausar Gana ce, ta koma kan albasarta.

Ranar sadakar uku Alhaji ya sayo rago wurin mahautan Musulmin garin, ya ce waina za a yi, don an ce marigayin yana son waina. Ita kaɗai ta jiƙa shinkafa, ta markaɗa, ta zauna gaban tanda har bayanta ya ƙage. Sau biyu jiri yana ɗibarta tana dafa bango. Amma ranar da ɗan ƙarfinta, don ta sa a ranta gobe za ta ji muryar Inna.

Bayan azahar aka yi addu'a, aka shafa, aka fara ci. A lokacin ne Hajiya Fasuma ta iso. Tsohuwar 'yar kasuwa ce daga Kano, mai sarin mayafai da jakunkuna, unguwarsu ɗaya da su Maijidda. Da safen nan ta sauka, aka ce mata ana zaman makoki a gidan Ilu. Ta gaisa da maza a tsaitsaye ta wuce kicin, ta tarar da Maijidda a kan 'yar kujera gaban tanda. Ta rungume ta ta fashe da kuka.

"'Yar nan, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta. Mace mai kirki, mai zumunci."

Maijidda ta yi murmushin gajiya.

"Ƙansa dai, Hajiya. Ko ke ma zama da su Baba Alidu ya..."

Ta dubi tsohuwar. Hajiya Fasuma ba mutumiyar Kumasi ba ce. Bakanuwa ce haihuwar Gwammaja, ba ta taɓa ce wa namiji "ta" ba.

"Hajiya, wa ta rasu?"

Fasuma ta sake ta, ta ja da baya, ta dubi tandar, ta dubi tulin wainar.

"Wannan zaman na wane ne?"

"Na Tankari. Mai garaya."

"La'ilaha illallahu." Tsohuwar ta dafa bango. "Ba a gaya miki ba? Maijidda, da hannuna na kama aka yi wa mahaifiyarki wanka. Har arba'in an yi. A gabana yayanki ya bugo wa Ilu ranar, kafin a fita da ita."

Wainar da ke cikin tanda ta ƙone, hayaƙi ya tashi, babu wadda ta kula. Maijidda ba ta yi ihu ba. Abin da ya faɗo mata shi ne Alidu da hularsa a hannu. Shi sha wahala da ciwo. Ashe ta'aziyyar uwarta aka yi mata a bakin labule, ta amsa da amin ta koma yankan albasa. In kuwa Alidu ya sani, to babu wanda bai sani ba a falon nan.

Ta ɗaga labulen ta fita, ko mayafi babu. Ba ta taɓa tsayawa gaban baƙinsa haka ba. Hannaye suka tsaya a cikin kwanuka.

"Alhaji, yaushe Inna ta rasu?"

Garaya na ta kaɗawa a kaset. Alhaji ya dubi Fasuma da ke bayanta, ya haɗe rai.

"Hajiya, ai da kin tambaye ni kafin ki yi magana." Ya juyo ga matarsa ya sassauta murya. "Shiga ciki, za mu yi magana."

"Nan za ka faɗa. A nan ka yi kukanka, a nan za ka faɗa."

"To, Allah ya yi mata rasuwa. Don ke na ɓoye. Ke kaɗai ce a ƙasar mutane, ba uwa ba dangi, in na faɗa miki ki faɗi ciwo wa zai kula da ke? Kuma ko na faɗa me za ki yi? Kafin ki isa Hong Kong an binne ta. Ina jira ne kaya su lafa in kai ki gida da kaina, ki ji a cikin 'yan'uwanki."

"Haka ne," in ji Malam Sharfaddeen, yana share maiƙo a yatsunsa. "Ai ba a faɗa wa mace mutuwa kai tsaye, balle a nesa. Hikima ce. Alhaji ya yi shawara da mu."

"Da ku." Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Kullum kuna zuwa kuna cin tuwona, kuna ce mini sannu da aiki. Umaru, kai ma ka sani?"

Umar Faruƙ ya sunkuyar da kai. "Hajiya, amana aka ba mu."

"Na ga kukanka shekaranjiya har da majina. Ka taɓa ganin Tankarin?"

"A bidiyo."

Wani ya yi gyaran murya. Mutumin Maraɗi ya ce a yi haƙuri, mutuwa ai ta kowa ce, ita Inna ta manyanta, ta ga jikoki, shi kuwa marigayin nan rashinsa na al'umma ne gaba ɗaya. Alidu kuwa ya ajiye wainar da ke hannunsa ya tashi ya fita.

"Kin ga kin watsa mini taro," in ji Alhaji a hankali, don kada a ji. "A gaban mutane, Maijidda? A ranar sadaka?"

Hajiya Fasuma ta cire mayafinta na biyu daga jaka ta yafa mata, ta kama hannunta.

"Zo mu je. Ilu, in ka isa ka hana."

Bai hana ba. Akwai wani ɗan shago a bakin titi inda wata 'yar China take da wayar da ke fita waje. Maijidda ta sha wuce shi a mota, ba ta taɓa sanin abin da ake yi a ciki ba. Fasuma ta buga lambar, bugu ɗaya ta shiga. A Kano hantsi ne. Matar maƙwabcin ta ɗauka, da ta ji ko wace ce sai muryarta ta yi sanyi, ta ce bari a kira Madina.

Maijidda ta riƙe kan wayar da hannu biyu. Tana jin kukan akuya daga can, da muryar mai tallan kunu, da ƙarar ƙyauren gidansu da ta sani tun tana yarinya. Sai a lokacin hawayen suka zo.

"Salamu alaikum." Muryar ƙanwarta ce, a bushe.

"Madina, ni ce. Madina, yanzun nan na ji..."

"Sai yau, Yaya?"

"Wallahi yanzun nan Hajiya Fasuma take gaya mini. Ba a faɗa mini ba."

"Mijinki ya ce ya faɗa miki tun ranar. Ya ce kuka ne ya hana ki zuwa waya. Ranar uku muka zauna gidan nan muna jiran kiranki, ranar bakwai ma haka. Mutane na tambaya, muna cewa layi ne."

"Ki saurare ni..."

"Jiya da yamma muna tsakar gida aka karanto a rediyo. Alhaji Ilu na ƙasar Sin da maiɗakinsa Hajiya Maijidda suna miƙa ta'aziyya ga iyalan Tankari Mai Garaya, sun ce rashin ya girgiza gidansu. Da sunanki, Yaya. Sau biyu aka maimaita. Duk Gwammaja an ji. Yaya Sani ya tashi ya kashe rediyon, ya ce kada wanda ya sake ambatonki a gidan."

"Madina, ki ji tsoron Allah, ban san da wannan ba!"

"To. Mu dai mun ga wanda kuke yi wa kuka."

Aka ajiye. Fasuma ta sake bugawa, aka ce Madina ta koma gida, ta ce kada a sake kiranta. Mai shagon ta turo wa Maijidda takardar share hawaye, tana magana da yarenta a hankali. Fasuma ta ce in ta koma Kano za ta je gidan da ƙafarta ta yi musu bayani, amma sai ta gama sari, kuma ba ta yi alkawarin za su yarda ba.

Babu inda Maijidda za ta je sai gidan, don haka ta koma. Baƙi sun watse, kwanuka a barbaje a kan tabarmi. Alhaji yana zaune shi kaɗai. Ya ce ya yafe mata abin da ta yi masa a gaban mutane, don ya san zafin rashi ne, shi ma yana cikinsa. Ya ce maganar tafiya gida a bari bayan kakar kaya, tunda yanzu babu abin gaggawa.

"Gobe akwai mutum huɗu da za su sauka daga Kano," ya ƙara da cewa. "A jiƙa shinkafa."

Ba ta shiga kicin ba. Ta ture kwanukan gefe, ta zauna a tsakiyar tabarma, ta ja mayafi ta rufe kanta.

"Me ke nan?"

"Zaman makoki nake. Uwata ta rasu."

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce za ta kashe masa kasuwa a kan abin da ya riga ya wuce. Da safe ya ɗauki jakarsa ya fita, ya kai baƙinsa wurin wata 'yar Mali da ke dafa shinkafa a wani bene.

Ta yi zamanta har kwana uku. Hajiya Fasuma takan zo in ta taso daga kasuwa. Alidu ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi addu'a ya tafi. Sauran kuwa, masu gemu da masu furfura, waɗanda suka jiƙa hannun riga da hawaye saboda mutumin da suka sani a kaset, duk suna nan cikin Tianxiu, tafiyar da ba ta kai a hau mota ba. Sun ji tana zaune. Sun kuma ji ba a ɗora tukunya ba, don haka babu wanda ya hawo.